Faifan birki: daga Fijo ta Kaduna zuwa kwalin da ba mu san mai shi ba

1/ Bara da kaka, saura ƙiris in take yaro a hanyar Gwarzo, saboda ragin da na samu a kan ƙarfe guda biyu. Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda aka yi sayen kayan gyaran mota ya koma caca a ƙasar nan. Ga abin da na tattaro. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ni ɗan Dugabau ne, a ƙaramar hukumar Kabo. Mota ɗaya ce a gidanmu, Golf 3. Ita ke kai Inna asibiti, ita ke ɗauko taki, ita ke kai amarya. Da sitiyari ya fara karkarwa in an taka birki, bakanike ya duba ya ce faifan gaba duka biyun sun cinye. Yaya ya ƙirgo kuɗi ya ce in shiga Kano in sayo, har da fad.

3/ A wani shago mai kaya ya zube min kala uku. Ya ce, "Alhaji, ga Baljiyam, ga sabo mai kyau, ga sabo na daidai aljihu." Na juya su na sake juyawa, wallahi ban ga bambanci ba. Ƙarfe ne zagayayye mai ramukan noti. Na ɗauki na daidai aljihu, faifai da fad, canjin kuma na sha mai da data. Ban gaya wa kowa ba.

4/ Bayan wata biyu muna dawowa daga Kano da yamma, mota cike da mutane, but cike da buhuna. Na yi ta taka birki saboda manyan motoci da ramuka. Mun wuce Rimin Gado kenan sai ga yaro ya biyo saniyarsa kan kwalta. Na take birki iya ƙarfina. Feda tana da tauri, amma mota tafiya take kamar ba da ita nake ba.

5/ Na karkata na faɗa gefen gona, sai da ƙasa ta riƙe tayoyin. Ƙauri ya cika motar. Inna tana baya tana ta salati. Yaron ya tsaya yana kallonmu da sandarsa a kafaɗa, bai ma san abin da ya tsallake ba. Na fi minti goma ban iya tayar da motar ba, hannuna na rawa.

6/ Washegari Kawu ya sa aka kwance. Shi tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan Fijo 504 daga Kano zuwa Funtuwa ta Gwarzo da Dayi da Malumfashi. Bai ce min uffan ba. Ya ɗauki sabon faifan, ya sa aka nemo tsohon da muka jefar bayan gareji, ya kai su kan sikelin mai shago.

7/ Tsohon da ya cinye, wanda aka ce ya gama aiki, ya fi sabon nauyi. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙarfen da aka rage a nan, shi ne kuɗin da aka rage maka." Ya ce a zamaninsu ba a tambayar wane iri kake so, iri ɗaya ne. Wannan maganar ce ta sa na fara tambaya: yaushe abin ya canza?

8/ Kafin tarihi, mu fahimci aikin faifan. Birki gudun mota yake mayarwa zafi. Faifai yana juyawa tare da taya, fad biyu su matse shi ta gefe da gefe, zafin gogayyar ya shiga cikin ƙarfen, iska ta kwashe. In ka ninka gudu, zafin da za a kwashe ninki huɗu yake yi. Tsayawa daga 120 ya ninka tsayawa daga 60 sau huɗu.

9/ Shi ya sa nauyi yake da muhimmanci. Ku tuna tukunyar ƙarfe mai kauri da ƙaramin kwanon sha a kan wuta ɗaya, wanne zai fara yin ja? Faifai marar nauyi yana saurin ɗaukar zafi, fad ya ƙone ya daina kamawa. Abin da ya same ni kenan. Kuma tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota.

10/ To, tarihi. A 1902 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birkin faifai a Birmingham. Bai karɓu ba, don tagulla ce ke matse faifan, ga ƙara ga saurin cinyewa. Kusan shekara 50 duniya ta zauna kan birkin duram, wanda yake kamar akushi a kife, takalma biyu suna tura shi ta ciki.

11/ Matsalar duram ita ce a rufe yake, zafi ba ya samun hanyar fita. A 1953 motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Direbobinta sun iya jinkirta taka birki kafin kwana, abokan takara ba su iya ba. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a motar da ake sayar wa jama'a da yawa.

12/ Mu kuma a nan, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga baya manyan motoci suka shiga kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka irin namu zuwa bakin dogo. Birkin duram ne a jikinsu. In takalmin ya cinye ba a jefarwa, sai a ɓamɓare tsohuwar fatar a ɗaura sabuwa da ƙusa.

13/ Kayan gyara kuwa hanyarsu a bayyane take. Kowace mota da kamfanin da ke kawo ta: SCOA na kawo Fijo, Leventis na kawo Marsandi, Mandilas na kawo Volkswagen, R.T. Briscoe na kawo Toyota. Wanda ya sayar maka da mota shi ke sayar maka da kayanta. In abu ya lalace, ka san ƙofar da za ka buga.

14/ Sai kuɗin fetur suka shigo. A 1975, zamanin Janar Gowon, masana'antar Peugeot ta fara haɗa mota a Kakuri, Kaduna. A shekarar ce kuma aka biya ma'aikata ariyas na Udoji. Malamin makaranta da akawu suka fara hawa sabuwar mota dal, ga bashin mota da gwamnati ke ba ma'aikatanta.

15/ Ba Kaduna kaɗai ba. Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, NTM mai haɗa manyan motocin Fiat a nan Kano kan titin Zariya. Shida kenan. Mu 'yan yanzu da yawanmu ba mu ma san an taɓa haɗa babbar mota a Kano ba.

16/ Ita 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, da birkin faifai. Ita ce ta sa yawancin makanikan Arewa suka saba da faifai da fad. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mayar da ita motar manyan jami'ai, ta kuma zama motar haya, motar 'yan sanda, motar asibiti. Mota iri ɗaya ta cika ƙasa, don haka kayanta ma kowa ya san kamanninsu.

17/ Abin da Kawu ke nufi kenan da "iri ɗaya ne". Ya ce a lokacin bakanike yana riƙe faifan Fijo a hannu zai gaya maka ko na gaske ne, don ya riƙe ɗari kafin shi. Kuma naira tana da ƙarfi, a 1980 ta fi dala daraja. Babu ribar da za ta sa wani ya wahalar da kansa yin jabu.

18/ Sai farashin fetur ya faɗi. A 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Masana'antun nan shida, da yake yawancin sassan motar daga waje ake kawo musu su haɗa, suka fara rasa kayan aiki. Kayan gyara suka fara ɓuya a kantunan dillalai.

19/ A 1986 Babangida ya kawo SAP. Naira da ba ta cika ɗaya a kan dala ba a 1985, zuwa 1987 ta kai wajen huɗu, zuwa 1993 ta haura 20. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Wanda ya riga ya mallaka ya riƙe tasa da haƙora, yana neman duk abin da zai sa ta ci gaba da tafiya.

20/ Wannan giɓin 'yan kasuwa ne suka cike shi, kuma a yi musu adalci: ba don su ba da rabin motocin ƙasar nan sun koma kejin kaji. 'Yan kasuwar Nnewi a jihar Anambra, garin da ya daɗe da harkar sufuri tun zamanin Sir Louis Ojukwu, sun fara kai samfurin kaya Taiwan ana ƙera musu. Wasu har suka kafa masana'anta a gida.

21/ Daga nan "Taiwan" ta zama sunan duk kayan da ba na kamfanin mota ba, ko daga ina aka yi shi. Kasuwanni suka bunƙasa: Nkwo a Nnewi, Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna, mu kuma Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Yaro ya yi shekaru yana yi wa maigida hidima, a sallame shi da jari, ya buɗe nasa shagon.

22/ Hanya ta biyu ita ce gwanjo. Kun taɓa tambayar me ya sa muke cewa Baljiyam? A birnin Brussels akwai unguwar Heyvaert inda ake tara tsofaffin motocin Turai, a loda su a tashar jirgin ruwa ta Antwerp zuwa Kwatano. Ko daga Jamus motar ta fito, ta Baljiyam ta biyo. Yarbawa kuma suka ce tokumbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku.

23/ Da yawa a takarda Nijar za su, sai su biyo ta Maraɗi ko Birnin Ƙonni su gangaro ta Jibiya ko Illela. Haka Golf da Sharon suka gaji Fijo a tashoshinmu. Kontena kuma tana zuwa da injuna da giya da ƙafafun motocin da aka yanka, faifan birki na manne a jiki.

24/ A nan ne wani imani ya kafu a zukatanmu: "Baljiyam ya fi sabo." Ga inji ko ƙofa ko giya, sau da yawa gaskiya ne. Amma faifan birki abu ne mai cinyewa, kamar sabulu. Na Baljiyam ƙarfensa mai kyau ne, sai dai wani ya riga ya ci rabonsa. Ga tsatsar gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara.

25/ Daga baya Chaina ta karɓe kasuwar sabo. A lura, a can ana yin mai kyau ana yin marar kyau, har manyan kamfanoni na duniya suna da masana'antu a can. Mai oda ne ke faɗin kuɗin da zai iya biya, a ƙera masa daidai kuɗinsa. In ya matsa a rage, daga ƙarfe ake ragewa. Kwali kuwa bugawa ake yi, kowane suna kake so.

26/ Yadda ake rage ƙarfen da wayo ne. Faifan gaba na yawancin motoci falle biyu ne da ramukan iska a tsakani. Sai a sirance fallayen, a faɗaɗa ramin tsakiya. Ka auna kaurinsa daga waje ka ga daidai, faɗi daidai, ramukan noti daidai. Sikeli ne zai tona asiri. Abin da Kawu ya yi kenan.

27/ Turai ma sun sha wannan matsalar, sai suka yi doka. Ƙa'idar ECE R90 ta ce kayan birkin da ba na kamfanin mota ba sai an gwada an ga aikinsu ya yi kusa da na asali. Da fad aka fara, daga Nuwamba 2016 ta haɗa da faifai da duram na sababbin samfurin motoci. Mu muna da SON tun 1971 da Road Safety tun 1988, amma a bakin shago kai ne mai binciken kanka.

28/ Shekarun nan abin ya ƙara tsanani. Daga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta kan tudu. Agusta 2019 aka rufe iyakoki, sai Disamba 2020 aka fara buɗewa. Yuni 2023 aka saki naira, farkon 2024 dala ta kai wajen 1,500. Baljiyam ya yi tsada, mai kyau ya yi tsada, sai "na daidai aljihu" ya samu kasuwa. Ni ma cikin masu sayensa nake.

29/ To yanzu da ba mu da dillalin da za mu buga wa ƙofa, me za mu yi? Na farko, kar ka je da sunan mota kawai. Golf 3 ita kanta faifanta kala-kala ne gwargwadon inji. Camry ta Amurka da ta Turai ba lallai su zo ɗaya ba. Je da lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka kuma ɗauki tsohon faifan a buhu.

30/ Na biyu, nemo rubutun MIN TH a gefen faifan ko a wuyansa. Shi ne mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi tafiya da shi. Misali wanda sabonsa milimita 20 ne, sau da yawa za ka ga 18. Milimita biyu kacal ne tsakanin sabo da shara. Sabon faifan da babu wannan rubutu ko lambar kaya a jikinsa, ajiye musu abinsu.

31/ Na uku, in Baljiyam za ka saya, a auna a gabanka da ma'aunin kauri, a wurin da fad ke gogawa. Kar a auna a baki, don bakin ba ya cinyewa, tudu yake bari. Duba tsaga, duba zurfin zane, duba shuɗin ƙuna, leƙa ramukan iska ko tsatsa ta cinye su. In saura kaɗan ya kai iyaka, kuɗin aiki biyu za ka biya.

32/ Na huɗu, in sabo ne, ɗora shi a sikeli tare da tsohonka na asali. Sabo bai kamata ya gaza wanda ya cinye nauyi ba. Leƙa gefe ka kwatanta kaurin fallayen. Sunaye irin su Brembo, ATE, TRW da Bosch kamfanoni ne na gaske masu kaya nagari, shi ya sa ma ake kwaikwayon kwalinsu. In farashin ya yi daɗi da yawa, araha ba ta ado.

33/ Na biyar, samari masu son gayu: faifan nan mai huji-huji da kuke gani a bayan rim, asalinsa na motocin tsere ne. Mai arha a cikinsu yana iya tsagewa daga bakin hujin in ya sha zafi. Ga motar da ke ɗaukar buhun masara tsakanin Kabo da Getso, sumul mai nauyi ya fi mata.

34/ Na shida, zancen fere faifai a wajen masu tana. Yana gyara fuska ya kawar da karkarwa, amma ƙarfe ake cirewa. In bayan an fere zai sauka ƙasa da MIN TH, ba gyara aka yi maka ba, rage maka birki aka yi. A auna kafin a ɗora a inji, a sake aunawa bayan an sauke.

35/ Na bakwai, ɗaurawa. Ana canza biyun gaba tare, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe ɗaya. Sabon faifai da sabon fad. A kankare tsatsar mazaunin faifan tas, don ɗan datti a nan shi ke dawo da karkarwa. A wanke man da aka shafa wa sabon. A ɗaure noti a tsallake-tsallake, ba a bi su a jere ba.

36/ Bayan an ɗaura, kwanakin farko a bi a hankali, a riƙa taka birki sannu-sannu har fad ya zauna a kan faifai. Kar a watsa wa faifai mai zafi ruwa. Man birki kuma a zuba wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Masu zuba ruwa da omo, ku ji tsoron Allah. Ruwa tafasa yake yi, feda ta tafi ƙasa babu komai.

37/ Na koma Kano da kuɗina, wannan karon da Kawu da tsohon faifai a buhu. Sai da muka shiga shago huɗu. A na ƙarshe, da mai kayan ya ga Kawu ya tambayi sikeli, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai da ka ce min kai ne." Ya shiga ciki ya fito da wani kwalin da bai nuna mana ba da farko.

38/ Wannan ya nuna min cewa mai kyau yana nan a kasuwa. Mai shago yana karantar wanda ya shigo, in ya ga farashi kaɗai kake tambaya, abin da zai ba ka kenan. Kawu da tsararsa sun taso ana tantance musu kaya tun daga Kaduna. Mu mun taso babu wannan, dole mu koyi tambayar kauri da nauyi da lambar kaya.

39/ Na gaya wa Yaya gaskiyar canjin da na ci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ka take yaron nan, da nawa za ka biya uwarsa?" Har yau ban samu amsa ba. Duk lokacin da na wuce wurin nan bayan Rimin Gado sai na rage gudu, ko babu kowa a hanya.

40/ Nan zan tsaya. In kana da ɗan'uwa mai jan Golf ko Sharon a layin Gwarzo, ko mai shirin shiga Ƙofar Ruwa gobe, tura masa. Makanikai da tsofaffin direbobi da ke nan, in na yi kuskure a gyara min, in da ƙari a ƙara. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu gida lafiya.